Kanwa Ba Za Ta Shiga Ruwan Nan Ba

Kwanan baya wasu samari biyu suka same ni a ƙofar gidana a nan Talatar Mafara, ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da wani ma'auni mai batir, suka ce sun zo in sa musu albarka domin za su shiga sana'ata. Na tambaye su abin da suka sani game da ita. Mai wayar ya ce sun kalle ta a waya tun daga farko har ƙarshe, kuma ba komai ba ce illa ruwa da gishiri da kifi a cikin akwatin gilashi. In ruwan ya yi tsami a zuba magani, lamba ta hau, shi ke nan. Ban yi musu faɗa ba, saboda a ƙofata suke. Amma na ce zan rubuta amsa domin su da ire-irensu, kuma ga ta.

Sana'ata ita ce riƙe ruwan teku a garin da mafi yawan mutanensa ba su taɓa ganin teku ba. A cikin ruwan akwai kifaye ƙanana, akwai kuma murjani. Mutanenmu sun san murjani a wuyan mata, jan dutse ne da ake shiryawa a zare, shi ya sa ake yi mini kallon maƙaryaci in na ce dabba ne mai rai, yana ci, yana girma, yana mutuwa. Kifi yana da haƙuri. Murjani ba shi da shi. Abin da ya fi saurin kashe shi kuwa shi ne ruwa ya riƙa sauya hali, yau tsami, gobe ɗaci. Littattafai suna kiran ma'aunin wannan hali pH. Ruwan teku yana zaune ne kaɗan sama da lamba takwas. In ya gangaro ƙasa, mu a bakinmu sai mu ce ya yi tsami, ko da yake harshe ba zai ji tsamin ba. Aikina tsawon shekaru shi ne in hana lambar nan yawo.

Ba da teku na fara ba. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa aka sa ni makarantar mishan a Gusau, inda ake duba farce da wuyan riga kowace safiya, kuma a sa mutum ya sake rubuta shafi guda saboda ɗigon tawada ɗaya. Da aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, aka ɗauke ni ɗakin gwajin ruwa ƙarƙashin wani Bature da leburori ke kira Mai Kwalba. Watannin farko bai bar ni na auna komai ba. Wankin kwalba kawai. In na wanke sai ya ɗaga ta ga hasken taga, in ya ga ɗigo ya maƙale a jikin gilashin maimakon ruwan ya sauka sumul, sai ya miƙo mini ita in sake wankewa. Daga wurinsa na koyi cewa wanda kwalbarsa ba ta da tsabta, ba ruwa yake aunawa ba, ƙazantarsa yake aunawa. Daga wurinsa kuma na koyi abin da samarin yanzu ba sa son ji: in lamba ta sauya, tambayar farko ita ce mene ne ya sauya ta, ba mene ne zan zuba ba.

Tankin farko da na riƙe, wato akwatin gilashin, na Alhaji Bawa ne, babban falke na shanu a nan Mafara, wanda motocinsa ke kai dabbobi kudu. Ya ga irinsa a wani masauki a Jidda, ya tsaya a gabansa har abokan tafiyarsa suka bar shi, da ya dawo ya aika Legas aka kawo masa ƙarami, tsawonsa bai kai hannu biyu ba. Waɗanda suka kawo suka haɗa, suka kwana ɗaya, suka koma. Kafin mako ya zagayo komai ya mutu. Lokacin na riga na yi ritaya. Aka ce masa akwai wani tsoho mai tsanani da ya san ruwa. Na je na duba, na ce masa zan karɓa da sharaɗi ɗaya: ba mai sa hannu a ruwan nan, ba mai zuba komai a cikinsa, ko shi da kansa. Ya yi dariya ya ce ya ji. Na zubar da ruwan, na wanke duwatsun, na haɗa sabo, sannan na bar tankin fayau ba kifi har watanni, ruwa yana juyawa kawai. Abokinsa na ƙuruciya, Nomau mahauci, wanda ba ya rabuwa da falon, kullum sai ya tsaya gaban gilashin ya ce wa mutane su zo su ga abin mamaki, Alhaji ya ɗauki ɗan mishan yana yi masa kiwon ruwa.

Da ruwan ya nuna, aka kawo kifaye biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, da yanki ɗaya na wani murjani mai laushi, girmansa bai wuce babban yatsa ba. Kowane reshe nasa yana ƙarewa da wani abu kamar tafin hannu mai yatsu takwas, kuma yini guda hannuwan nan buɗewa suke suna rufewa. Matan gidan suka sa masa suna Mai Tafi. A hankali ya cika rabin dutsen, har na yanka na kai wa wani likita a Bakura da wani tsohon alƙali a Maradun, waɗanda su ma suka sayi ƙananan tankuna bayan sun ga na Alhaji. Ku lura da wannan: Mai Tafi ya fi kowane ma'auni gaskiya. In ruwa ya daidaita yana tafi da ƙarfi. In lamba ta fara gangarowa tafin yana yin sanyi. In ta daɗe a ƙasa sai ya dunƙule, daga nan ya narke, ya bar wari kamar ruɓaɓɓen kifi, kuma ba ya dawowa.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma kowanne na san halinsa. Akwai ƙaramar kwalbar gwaji, da maganin ɗigawa, da kati mai launuka: in ruwan ya koma shunayya lafiya lau, in ya karkata ga ruwan ƙasa an gangaro. Ana duba launin ne a hasken rana, a jikin farin ƙyalle, ba a ƙarƙashin fitilar falo ba. Akwai gwaji na biyu da ke nuna ƙarfin ruwan, wato yawan abin da ke cikinsa mai tare tsami. Akwai matatar da ke tace ruwan burtsatse, domin ruwan ƙasarmu in ya shiga tanki yadda yake, sai gansakuka ta rufe komai. Akwai tukunyar kumfa a ƙarƙashin tankin, wadda ke zuƙo iska ta kaɗa ta da ruwan, ta fitar da datti. Sai kuma hodar farar ƙasa tatacciya da ake kawo mini daga Legas, wadda nake jiƙawa in bar ta ta kwanta, in riƙa ɗiga ruwan samanta ta robar ƙarin ruwa irin ta asibiti da likitan Bakura ya ba ni. Ɗigo-ɗigo, ba zubawa ba. Wanda ya zuba a lokaci guda ya ƙona murjani.

Abin da ma'aunin batir ba zai gaya muku ba shi ne ruwa yana da nasa yini. Da asuba lambar tana ƙasa, saboda duk abin da ke cikin tankin ya kwana yana numfashi. Da la'asar tana sama, saboda haske ya sa murjani da ganyen ruwa sun shanye gurɓatacciyar iskar. Wanda ya auna da asuba ya firgita ya zuba magani, da la'asar zai tarar ya wuce iyaka. Tsohon alƙalin Maradun ya taɓa aiko mini da mota cikin gaggawa saboda haka. Na je na zauna, muka sha shayi, muka yi azahar, muka yi la'asar, sannan na auna a gabansa. Ya kalli launin ya ce ashe ɗage shari'a kawai ruwan ke buƙata. Likitan Bakura kuwa matsalarsa tausayi: duk mara lafiyar da ya shigo sai ya ba shi abincin kifi ya zuba don ya ji daɗi, ragowar ta ruɓe, ruwa ya yi tsami. Na ɗauke gwangwanin abincin na sa a aljihuna, na ce in yana so ya biyo ni Mafara.

Yanzu in zo ga shekarar da ta gwada ni. Kun san ta, ba sai na faɗi sunanta ba: shekarar da aka rufe layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, hanyoyi suka zama abin da mutum ke yin wasiyya kafin ya hau. Kaya suka daina zuwa daga Legas. Hodar farar ƙasata ta ƙare. Famfunan tankin suna tafiya da sola, wannan ya tsirar da mu, amma sauran komai ya juye. Dillalai da mahauta da ba su da kasuwa suka koma yini a falon Alhaji. Sannan danginsa na wajen uba, Fulani makiyaya, suka taso daga ƙauyukan Janbako, bayan an kore musu mafi yawan shanu. Mata da yara aka shigar da su cikin gida, maza kuwa, tsofaffi da magidanta, aka shimfiɗa musu tabarmi a falon. Babbansu shi ne Baffa Dikko, ƙanen mahaifin Alhaji, dogon tsoho mara yawan magana, wanda ba ya rabuwa da kaskon gawayinsa na dafa shayi. Kuma saboda tagogin falon suna kallon titi, Alhaji ya sa aka toshe su da bulo.

Cikin 'yan makonni tafin Mai Tafi ya yi sanyi. Launin kwalbata ya bar shunayya, ko da la'asar ba ya komawa. Na auna ƙarfin ruwan, na tarar bai ragu ba. Na sake wanke kwalba, na sake aunawa. Wannan ya gaya mini ba abin da ruwan ya rasa. Wani abu ne ke shigarsa. Na tsaya a tsakiyar falon da sassafe, na ga mutane kwance jere har bakin ƙofa, ga kaskon gawayi yana ja a kusurwa, ga tagogi a toshe, sai na gane. Iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda ita ce gawayi ma ke fitarwa, in ta narke a ruwa tsami take zama. Tukunyar kumfa kuwa dare da rana tana zuƙar iskar falon tana cusa ta cikin tankin. Numfashin baƙin Alhaji ne ke kashe murjanin.

Wannan magana ce da ba ta faɗuwa. Mutanen da suka baro gidajensu da ƙafa, suna zaune suna taƙaita cin abinci don kada su zama nauyi, wa zai buɗe baki a gabansu ya ce har numfashinsu ɓarna yake yi? Na nemi ganin Alhaji shi kaɗai, amma a kwanakin nan ba ya kaɗaita. Daga falo sai masallaci, kuma ko'ina da mutane a bayansa. Abin da kawai na iya gaya masa shi ne ruwan ya yi tsami kuma ina neman hanya.

Ran nan da hantsi na shiga na tarar falon cike, an janye murfin tankin, Alhaji tsaye riƙe da ƙwarya. A cikinta jar kanwa ce aka jiƙa, irin wadda ake ba shanu, wadda Baffa Dikko ya zo da ita a ƙullin kayansa. Mai Tafi ya dunƙule gaba ɗaya, wasu rassan sun fara zubewa. Ashe tun safe ake shawara. Kowa a ɗakin nan ya san kanwa tana kashe tsami; uwarsa ta sa ta a miya, ya ga an sa wa tsamiya, ya ba saniya mai ciwon ciki. Kuma ina so ku fahimta, ba wauta suka yi ba. Maganin da ake sayarwa a kwali mai hoton kifi ɗan'uwan kanwa ne, an dai tace shi. Amma ruwan nan ƙarfinsa cikakke ne. In aka juye ƙwaryar nan, lambar za ta yi tsalle cikin ƙiftawar ido, ruwan ya yi fari kamar koko, murjanin da ya riga ya galabaita ya narke kafin azahar. Washegari kuma iskar falon ta sake gangaro da lambar inda take.

Na gaishe su yadda ya kamata, ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kwanan baƙi da gajiyarsu, sannan na je na tsaya tsakanin Alhaji da tankin.

Ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce ruwan ga ya yi tsami. Ga maganin tsami. Mi ne ne laihin kanwa?"

Na ce ba ta da laifi a miya, amma ba za ta shiga ruwan nan ba. Ya tambayi dalili. Na ce akwai dalili, amma ba na nan ba ne. Nomau ya gyara zama ya ce wa jama'a dalilin yana cikin littafin Turawa ne, kuma littafin yana Legas, kuma hanya a rufe take. Gara a bar shi ya kawo wuƙa ya gyara kifin biyu tun suna da sauran nama, ko Fulanin nan sa ɗanɗana abin da ba nono ba. Aka yi dariya, har wasu daga cikin baƙin. Baffa Dikko ya ce masa mahaucin da ba shi da kasuwa har kifin ado yake yi wa kallon bijimi. Aka sake dariya. Alhaji bai yi ba. An ƙi bin maganarsa a falonsa, a gaban baffansa.

"Tankin ga, nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji. Amma ranar da na karɓe shi mun yi sharaɗi, kuma ka ce ka ji. In ka janye, ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ka sallame ni. In fita, sannan ka zuba. Ina tsaye a nan dai, ba za a zuba ba."

Kowa ya juya yana kallon Alhaji. Na san halin Alhaji Bawa. Mutum ne da ya taɓa mayar da tirela guda ta shanu gida saboda mai saye ya ɗaga masa murya. Na riga na sa hannu a kan jakar kayana. Sai Baffa Dikko, yana juya shayinsa bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Bawa, mutum ya ce maganatai ba ta ɗaki ba ce. Fita ka ji ta. Kanwa ba ta gudu."

Na ɗebi ruwan tankin a kofin gilashi, na ɗauki ƙaramin famfon iska mai batir, muka fita bayan gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, mu biyu. Na auna ruwan a gabansa: ruwan ƙasa. Na sa bakin robar famfon a kofin, iskar waje ta riƙa ɓuɓɓuga a ciki, muka zauna. Muka zuba wa kofin ido. Da aka jima sosai na sake aunawa, ban zuba komai ba, na ɗora kwalbar a kan hannun farar rigarsa. Shunayya. Ya kalli kwalbar, ya kalli toshewar tagogin falonsa, ya daɗe. Mutum ne da ya yi shekaru yana loda shanu a mota, ya san dabba a cunkoso ba yunwa ke fara kayar da ita ba. Ban ƙarasa bayanin ba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, in har abin da nake nufi ke nan, to murjani ya mutu, kifi ya mutu, a fasa gilashin a zubar, amma ko mutum ɗaya daga cikin mutanen nan ba zai matsa da tabarmarsa ba, kuma in maganar nan ta kai kunnen ɗayansu, ni da shi har abada. Na ce ban nemi kowa ya matsa ba, kuma da ina son ta kai kunnensu da na faɗe ta tun ɗazu, na huta da bakin Nomau. Abin da nake so huji ne a bango, bayan tankin, faɗin yatsa, in zura roba daga tukunyar kumfa zuwa waje, ruwan ya riƙa shan iskar da ba ta bi ta falon ba.

Nan ma aka sake tsayawa. Bangon nan tayil ne da ya sa aka kawo daga nesa, har saman ɗaki, kuma shi ne abin da yake fara nuna wa baƙi kafin tankin. Ban da haka, a lokacin da kowa ke toshe kafa, ni ina cewa a buɗe wata. Ya ce a bi da robar ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce ƙofar tana buɗewa ne ga zaure, zauren ma cike yake da mutane, kuma za a taka ta. Ya ce a sa rabin kanwar, a huda rabin bangon. Na ce ban san rabin huji ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Kai dai ba a taɓa cin nasara kanka ba. Huda. In tayil ɗina ya tsage, kai da Allah."

Ya tsage. Ba wutar da za ta juya injin huji, da guduma da dogon ƙarfe na yi aikin, kuma a bugu na farko tsaga ta tafi kamar tsawon hannu. Alhaji ya gaya wa jama'a wayar wuta za a zura. Na fitar da robar ta gefen da ba ya kallon madafa ko wurin janareta, na ɗaga bakinta sama, na sa mata kwalba mai auduga da dakakken gawayi don tare ƙura da hayaƙi. Sannan na yi abin da ya fi huda bango wuya, wato na matse robar da zare, na bar iska kaɗan kawai tana shiga, ina sassautawa kullum. Murjanin da ya saba da tsami, in ka fitar da shi a yini ɗaya, gyaran ne zai kashe shi. Na tsince rassan da suka narke da sirinji don kada su ɓata sauran. Fiye da rabi ya tafi. Abin da ya rage ya zauna a dunƙule, kwana da kwanaki. Kullum na shigo sai Nomau ya miƙe ya yi mini ta'aziyya da cikakkiyar ladabi, ya tambayi ranar addu'ar bakwai. Ƙwaryar kanwar kuwa tana nan a kan teburi, ba wanda ya ɗauke ta, kuma na san dalilin barinta a wurin.

Abu ɗaya ya sauya wanda ban nema ba. Washegarin hujin na tarar da kaskon gawayin Baffa Dikko a waje ƙarƙashin dogon yaro, shi da tabarmarsa da wasu tsofaffi. Ya ce wa Alhaji shayin ɗaki ba ya yi masa daɗi, shi mutumin daji ne. Da rana kuma sai ya riƙa kiran magidantan su fito hira a inuwa.

Wata la'asar ina wanke tukunyar kumfa, sai na ji Nomau ya yi shiru a tsakiyar magana, abin da ban taɓa ji ba. Na ɗago. A can gefen dutsen, hannu ɗaya ya buɗe, ya rufe, ya jima, ya sake buɗewa. Na ɗebi ruwa na fita haske na auna, domin ba na yarda da ido kaɗai. Da na dawo Alhaji yana tsaye gaban gilashin kamar yadda aka ce ya tsaya a Jidda. Ya ɗauki ƙwaryar da kansa ya fita da ita.

Da hanya ta ɗan lafa, mutanen Janbako suka yi shirin komawa. Baffa Dikko ya same ni a bayan gida ina sauya audugar kwalbar iska. Ya tsaya yana kallon robar da ta fito daga bango, wadda ba waya a cikinta. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Sannan ya ce, "Malam, ran nan da ka tsaya ana yi maka dariya ka ƙi faɗin dalili, ni na ji dalilin. Na kwana da garke a ɗaki lokacin ruwa, na san yadda iska ke mutuwa. Allah shi rufa maka asiri yadda ka rufa muna." Na ce amin. Ya ce sauran kanwar zai koma da ita, 'yan shanun da suka rage sun fi kifi sanin darajarta.

Mai Tafi ya sake cika dutsen. Murjanin da na kai Bakura ya mutu a shekarar nan saboda hanya ta hana ni zuwa, kuma daga yankin da ya tsira a falon Alhaji na mayar wa likita wani. An buɗe tagogin, an yi wa falon fenti, amma tsagar tayil ɗin tana nan, kuma robar tana nan.

Samarin da suka zo ƙofata sun riga sun je sun ga tankin. Sun gaya wa Alhaji hujin nan aikin dā ne, yana ɓata bango. Su za su toshe shi, su sauya tayil, su sa injin da ke auna ruwa yana zuba magani da kansa. Alhaji ya ce su je su tambayi mai hujin. To, ga amsata. Ku zo gobe da hantsi, ku bar waya a gida. Akwai kwalabe a cikin kwano. Duk wanda ya wanke ɗaya na ɗaga ta ga haske ban mayar masa ba, zan nuna masa yadda ake riƙe katin launi. Injinku kuwa ku tambaye shi ko ya san mutum nawa suka kwana a ɗaki, kuma ko ya san abin da ba a faɗa a gabansu. Kafin ya amsa, kada wanda ya taɓa bangon nan.